Kafin Ka Ƙara wa Motar Tsere Dawakai: Abin da Ke Aiki da Abin da Ke Cin Kuɗi Kawai

Da wuya saurayi ya mallaki motar tsere ya yi wata guda bai fara tambayar abin da zai ƙara mata ba. Wani zai ce masa ya buɗe salansa, wani ya ce ya cire tukunyar tace hayaƙi, wani kuma ya nuna masa 'yar na'ura a intanet wadda aka rubuta cewa da an jona ta mota za ta ƙara dawakai talatin. Ya kashe kuɗi, motar ta ƙara ƙara, maƙwabta su san fitarsa da dawowarsa, amma in da za a ɗora ta a kan na'urar awo, a ga ƙarfin yana nan inda yake, ko ma ya ragu.

Son ƙara wa mota ƙarfi ba laifi ba ne, kuma akwai hanyoyi masu sauƙin kuɗi da ke aiki da gaske. Sai dai suna da tsari, kuma wanda ya fara daga ƙarshe yakan biya sau biyu.

Mene ne doki a cikin inji?

Kalmar ta samo asali ne daga James Watt, injiniyan Sukotlan, a ƙarshen ƙarni na 18. Yana sayar da injunan tururi ga mutanen da suka saba aiki da dawakai, sai ya nemi ma'aunin da za su gane. Ya ƙiyasta cewa doki ɗaya zai iya ɗaga nauyin fam 33,000 tsawon ƙafa ɗaya a cikin minti guda. A lissafin yau, wannan ya yi daidai da ɗaga kimanin kilo 75 tsawon mita ɗaya a daƙiƙa ɗaya, ko wat 746 na lantarki.

A mota, dawakai suna fitowa ne daga abubuwa biyu: ƙarfin da inji ke murɗa ƙafafu da shi, da yawan juyin da yake yi a minti. Shi kuwa ƙarfin murɗawar daga ƙonewar fetur yake zuwa, kuma fetur ba ya ƙonewa sai da iska. Kilo ɗaya na fetur yana buƙatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. Wato kowace lita da ka zuba a tanki, sai inji ya shaƙi iskar da ta kai kimanin lita 9,000 kafin ya cinye ta. Ƙara fetur abu ne mai sauƙi, famfo da nozul za su yi. Wahalar tana wajen shigar da iska da fitar da hayaƙi. Duk wani gyara na gaskiya da ke ƙara ƙarfi, ko dai ya ƙara iskar da ke shiga, ko ya sauƙaƙa wa hayaƙi fita, ko ya gyara lokacin da filogi ke ba da wuta. Kayan da bai taɓa ɗaya daga cikin ukun nan ba, mai sayar da shi ya bayyana maka ta ina dokin zai fito.

Dawo da waɗanda suka ɓace

Yawancin motocin tsere da ke hannun matasa a Kano, Kaduna, Abuja ko Yamai na hannu ne, sun yi shekaru a Turai ko Amurka kafin su ƙetaro ruwa. Lambar da kamfani ya rubuta ta sabuwar mota ce. Motar da ta fito da dawakai 200 shekaru goma sha biyar da suka wuce, ba lallai ne duka suna cikin bargarta yau ba. Mafi arhar doki shi ne wanda dama naka ne, ya ɓace, ka nemo shi.

Abin da za a fara saya shi ne ƙaramar na'urar duba lafiyar mota. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa kowace mota wata kafa a ƙarƙashin sitiyari mai suna OBD-II, Turai ma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Na'urar da ake jonawa a nan tana magana da wayar hannu, ta nuna laifin da ƙwaƙwalwar mota ta ajiye, da zafin ruwa, da zafin iskar da ke shiga, da yadda ake cakuɗa mai. Kuɗinta bai kai na taya ɗaya ba, amma tana hana mutum canza kayan da lafiyarsu ƙalau.

Daga nan sai filogi da koyil. Filogin da ya tsufa yakan kasa ba da wuta daidai lokacin da aka taka totur sosai, silinda ta tsallake ƙonewa, mai ya fita ta salansa a banza. A sa irin wanda kamfanin motar ya ambata, kuma a kula da jabu, domin sun cika kasuwa a cikin kwali mai kama da na asali. Sai iyakilina, wadda ƙurar hunturu kan toshe ta tun kafin lokacin da littafin mota ya ɗiba. Sai sensar da ke auna iska a bayanta, wadda ake wankewa da maganin feshi na musamman da aka yi dominta. Sai matatar mai da nozul. Injunan zamani da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin na Volkswagen da BMW da yawa, suna da wata matsala ta daban: baƙin gawayi yana taruwa a bayan bawul ɗin shigar iska, tunda fetur ba ya bi ta wurin ya wanke shi. Kankare wannan gawayin kaɗai yakan dawo wa tsohuwar mota da numfashinta.

Akwai kuma wata al'ada a garejojinmu da ya kamata a duba. Da mota ta iso, sai a cire mata tamostat a jona fanka kai tsaye, a ce ƙasarmu zafi gare ta. Injin zamani an tsara shi ne ya yi aiki a zafin da ke kusa da digiri 90. In bai kai nan ba, ƙwaƙwalwa takan ɗauka har yanzu yana ɗumama ne, ta ci gaba da zuba mai fiye da kima. In mota tana zafi, a nemi dalilin a lagireto, ko famfon ruwa, ko fankar kanta.

San irin injin da kake da shi

Bayan mota ta dawo hayyacinta, tambaya ɗaya ce ke raba hanya biyu: injin yana da turbo ko ba shi da shi?

Injin da ba shi da turbo da kansa yake zuƙar iska, kuma iyakarsa abin da nauyin iskar sararin samaniya ya tura masa. Kamfanonin da ke ƙera motocin tsere sun riga sun tatse kusan duk abin da ke ciki. Honda S2000 da ta fito a 1999 tana ba da dawakai 240 daga injin lita 2, tana juyi har 9,000 a minti. Babu wani bututu na kasuwa da zai zo ya yi wa injiniyoyin da suka yi wannan aikin gyara mai yawa. A irin wannan inji, kowane ƙari ɗan kaɗan ne, sai an tara su kafin a ji.

Shi kuwa turbo, hayaƙin da ke fita ne ke juya wata fanka, ita kuma ta juya wata da ke cusa iska cikin inji da ƙarfi. Yawan cusawar ƙwaƙwalwar mota ce ke ƙayyade shi, kuma kamfani yakan bar rata mai yawa saboda motar za ta shiga ƙasashe daban-daban, da mai iri-iri, da direbobin da ba sa canza baƙin mai a kan kari. A wannan ratar ce ƙarfi mai arha yake kwance.

Shigar iska

Abin da sabon shiga ya fi fara saya shi ne matatar iska mai kama da mazurari, wadda ake cire akwatin iyakilina a ɗaura ta a wurinsa. Tana ba da sauti mai daɗi, tana ƙawata cikin bonet. Sai dai akwatin da aka cire daga waje yake jawo iska, ita kuwa wannan in an bar ta a fili, iskar da inji da lagireto suka gasa take sha. Iska mai zafi ba ta da kauri. In a waje digiri 35 ne, a cikin bonet kuma 60, iskar ciki ta gaza ta waje da fiye da kashi 7 cikin ɗari na iskar oksijin. Abin da aka samu na faɗin hanya an mayar da shi ta zafi, har da riba.

Wanda zai sa irin wannan, ya nemi wadda ke da shinge ko akwati da ke raba ta da zafin inji, bakinta kuma yana kallon waje. Ko da haka, a injin da ba turbo ƙarin bai cika wuce 'yan dawakai ƙalilan ba. A yankinmu akwai ƙarin abin lura. Matatar auduga da ake shafa wa mai tana barin iska ta wuce sosai, amma tana barin ƙura mai laushi ta wuce fiye da ta takarda, kuma in man ya yi yawa yakan ɓata sensar iska. Wanda ke tuƙi a Sakkwato ko Damagaram cikin watan Janairu, matatar takarda mai inganci da ake canzawa akai-akai ta fi masa alheri. Haka kuma bututun da ke sauka ƙasa kusa da taya, ranar da aka shiga ruwan damina mai zurfi zai iya zuƙar ruwa, kuma ruwa a cikin silinda lanƙwasa ƙarfe yake yi.

Fitar hayaƙi

Canza ƙarshen salansa sauti yake canzawa, ƙarfin da yake ƙarawa kaɗan ne. Inda ake samun abin kirki shi ne kusa da inji, a manifol, wato bututun da ke tattaro hayaƙi daga kowace silinda. Toyota 86 da tagwaininta Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012 da dawakai 200, an san su da wani sanyin jiki a tsakiyar juyi, wajen 4,000 a minti, inda direba kan ji kamar an riƙe motar. Masu ita sun daɗe da gano cewa manifol mai kyau tare da sake saita ƙwaƙwalwa yana cike wannan ramin. Lambar ƙoli ba ta tashi da yawa, amma motar takan zama wata daban a hannu, domin a tsakiyar juyin nan ne ake yawan tuƙi.

Faɗin bututu ma yana da iyaka. In mai walda ya sa wanda ya fi ƙarfin injin, hayaƙi yakan rage gudu a ciki, motar ta yi nauyin tashi.

Sai batun tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikai a Najeriya ke kira indomi. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke mayar da guba irin ta kabon monoksayid zuwa iskar da ba ta kai ta cutarwa ba. Tsadar ƙarafan nan ce ta sa ake yawan ba masu mota shawarar su cire ta. In ta toshe, lallai tana shaƙe inji, kuma maganinta sabuwa. Mai lafiya kuwa, cire ta ba ya ƙara abin a zo a gani a motar da ba a yi wa babban aiki ba. Abin da yake jawowa shi ne wutar gargaɗi da ba ta mutuwa a dasbod, da warin da kowa zai ji, da gubar da ɗan acaba da mai talla da yaran da ke bakin titi za su shaƙa. A Amurka da Birtaniya doka ta hana hawa titi da motar da aka cire wa ita. Inda ba a binciken ma, huhun mutane iri ɗaya ne.

Sake saita ƙwaƙwalwa

In ana maganar yawan dawakai a kan kowace naira, babu abin da ya kai sake rubuta umarnin ƙwaƙwalwar inji, wadda ake kira birenbos a gareji, matuƙar motar mai turbo ce. Masu sana'ar suna kiran aikin farko mataki na ɗaya: ba a kwance ko da noti guda, ta kafar OBD-II ake shigar da sabon tsari da ke ƙara cusa iska, ya daidaita mai da lokacin wuta. Golf GTI zubi na bakwai, wadda ta fito a 2013 da dawakai 220, takan samu ƙarin da ya kai 50 ta wannan hanya. BMW 335i ta 2006 mai turbo biyu, wadda ta zo da kimanin 300, ita ma ta yi suna a kan haka. Kamfanoni irin su APR da Cobb da Hondata a kan wannan aiki suka kafu. A injin da ba turbo kuwa, ƙarin ɗan kaɗan ne, ya fi amfani in an haɗa shi da manifol.

A nan ne mai mota a ƙasashenmu zai tsaya ya yi tunani a kan fetur. Kowane fetur yana da lambar okten, wadda ke nuna yadda yake jure matsi da zafi ba tare da ya fashe da kansa ba. In ya fashe kafin lokacinsa, shi ne ake jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma in abin ya yi tsanani yakan fasa fistin. A Turai ana sayar da mai lamba 95 da 98. A Amurka lissafin daban ne, 93 ɗinsu ya yi kusa da 98 na Turai. Yawancin tsare-tsaren da ake tallatawa da manyan lambobi a kan irin wannan mai aka rubuta su, a cikin sanyin ƙasarsu. A mafi yawan gidajen mai na Najeriya kuwa fetur iri ɗaya ne, ba a tambayarka wanne kake so, kuma wanda ke sayen na bumburutu a galan bai san abin da aka gauraya ba. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukuma ta sanar cewa an shigo da fetur mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da kima, motoci da dama suka lalace.

Saboda haka a zaɓi tsarin da aka yi wa mafi ƙarancin okten, ko da dawakansa sun fi kaɗan. Bayan an saka, a yi amfani da na'urar dubawa a ga ko ƙwaƙwalwa tana ja da lokacin wuta baya, domin alamar cewa man bai isa ba ke nan. A guji fayil ɗin da ba a san wanda ya rubuta shi ba, araha ba ta ado. A kuma ajiye na asali don a iya mayarwa. Ƙarin ƙarfi yakan tono duk wani rauni da ke ɓoye: kulocin Golf GTI mai giyar hannu an san shi da fara zamewa bayan wannan aiki, tsofaffin koyil kuma sukan mutu. Turbo yana ƙara wa iskar da ya matsa zafi, don haka a garin da ke kai digiri 40 a watan Afrilu, babbar na'urar sanyaya iska a gaban mota takan fi ƙarin cusawa amfani, domin ita ce ke sa ƙarfin ya dawwama bayan taka totur na uku da na huɗu. Motar da ke da garanti kuwa, kamfani yana iya gane an taɓa ta, ya janye hannunsa.

Nauyi da taya da birki

Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin Lotus a Ingila, ya gina sunansa ne a kan rage nauyi. Lotus Elise ta 1996 dawakai 118 kacal gare ta, amma nauyinta kimanin kilo 725 ne, ta kuwa riƙa barin motocin da suka ninka ta ƙarfi a hanya mai kwana. Mazda MX-5 ta 1989 ta zo da 116, nauyinta bai kai tan ɗaya ba, kuma zuwa 2016 an ƙera guda miliyan. Lissafin a bayyane yake: motar kilo 1,000 mai dawakai 130, in aka sauke mata kilo 50, kamar an ƙara mata kusan bakwai ne. Akwatin sifika mai nauyi a but, da tarkacen da aka manta, da manyan rim na ado da suka fi na asali nauyi, duk dawakai suke ci. Kada dai a taɓa bel, ko jakar iska, ko wani ƙarfen kariya.

Duk ƙarfin da inji ya samar, ta tayoyi yake isa ƙasa, kuma wurin da kowace ke taɓa ƙasa bai fi tafin hannu da yawa ba. Taya mai kyau tana gyara tashi da kwana da tsayawa a lokaci guda, abin da babu wani kayan inji da ke yi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Tayar gwanjo mai zane da kyau amma ta shekara takwas, robarta ta bushe. Man birki kuma yana shan danshi daga iska, zafin da yake tafasa ya sauko, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu.

Kayan da ba su da amfani

Maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, da 'yar farfelar da ake cusawa a hanyar iska, da fankar lantarki mai arha da ake kira turbo, da 'yan akwatunan roba masu walƙiya da ake jonawa a kafar OBD-II, babu wanda ke ƙara doki ko ɗaya. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori fiye da 100 da ake cewa suna rage shan mai, ba ta samu wadda ta yi wani abin kirki ba. Akwai kuma na'urar da ke sa totur ya amsa da sauri. Ita tana yin abin da ta ce, sai dai ƙafarka take yi wa gaggawa, ƙarfin inji yana nan yadda yake. Shaida ta gaskiya ita ce daino, na'urar da ake ɗora mota a kai ta juya ƙafafu a auna, kafin aiki da bayansa, a wuri ɗaya da yanayi iri ɗaya. Ko tsayin gari yana canza lamba: a Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, iska ta gaza ta Legas kauri da wajen kashi 10 cikin ɗari.

Inda za a saki dawakan

Ƙarfin da ake buƙata don keta iska yana hawa fiye da yadda gudu ke hawa. Ninka gudu sau biyu yana neman ƙarfi sau takwas, saboda haka ƙarin kashi 10 na dawakai kimanin kashi 3 kawai yake ƙarawa a ƙarshen gudu. Nisan tsayawa kuwa ba ya jira. Motar da ke gudun kilomita 140 a awa tana buƙatar kusan ninki biyu na filin da mai gudun 100 ke buƙata kafin birki ya tsayar da ita. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci 100 a babbar hanya ta ekspres da 50 a cikin gari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara. Duk wanda ya taɓa ganin yadda wasan mota a wurin biki ke rikiɗewa ya zama zaman makoki ya san waɗannan lambobin suna da fuska da iyaye.

Mahayan dawaki na gidajen sarauta ba sa fara koya wa yaro sukuwa sai ya iya riƙe linzami, kuma a fili ake yi, ba a tsakiyar kasuwa ba. Mai motar tsere ma haka. Ya gyara abin da ya lalace, ya sa taya da birki na ƙwarai, ya san injinsa da man da yake samu, sannan ya ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan yana aunawa. In ya tashi gwada abin da ya tara, ya nemi fili killatacce da izinin hukuma, ya sa hular kwano, ya bar titin gari ga masu zuwa kasuwa da makaranta.